Megarmu ce, a ba mu faifanmu



Da tambaya zan fara, kuma na fi son amsar ƴan kasuwar Filinge a kan ta ƴan boko. Ka je kasuwa ran Lahadi, ka biya kuɗin tiya guda ta hatsi, mai awo ya cika maka ita har tana zuba. Ka isa gida aka juye, sai ga rabi ƙaiƙayi da tsakuwa. Wane suna za ka ba wannan mai awo? To, ƙara da wannan: ya biyo ka har gida ya ce bai yarda a ɗauki faifai a sheƙe ba, sai dai a daka haka nan a dama. Amma maƙwabcinka mai gidan siminti, shi an bar masa faifansa da rariyarsa. Na san Kurfayawa, wannan magana ba za ta kwana ba a kai ta gaban sarkin kasuwa ba.

Abin nan shi ake yi mana kullum a cikin wayoyinmu, kuma ba wanda ya kai ƙara ko'ina. Mu ke sayen mega da guminmu, wasu ke cika ta da talla, kuma kamfanin da ya fi kowa cin ribar tallan shi ne ya ƙi saka faifai a wayar talaka. Sunan kamfanin Google, sunan manhajar Chrome.

Mene ne faifan?

Burawuza ita ce manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, wadda masu faransanci ke ce wa nabigater: Chrome, Firefox, Opera, Safari da sauransu. Akwai kuma wasu ƙananan manhajoji da ake maƙala wa burawuza don ta yi abin da kai mai ita kake so. Turawa na ce musu ekstansiyon, ni kuma a rubutun nan zan kira su ƴan ƙari. Wani ɗan ƙarin yana tare talla. Wani yana hana a bi sawunka daga shafi zuwa shafi. Wani yana mai da farin shafi baƙi don ido ya huta da dare. Wani yana gargaɗinka in za ka faɗa shafin ƴan damfara.

Wanda ya fi suna wajen tare talla shi ne uBlock Origin, wanda wani mutum mai suna Raymond Hill ya fitar a 2014. Kyauta ne, kuma rubutun da aka gina shi da shi a buɗe yake, duk mai ilimin abin na iya dubawa ya ga ko an ɓoye wani mugun abu. Yana aiki da jerin sunayen rumbunan da talla da masu bin sawu ke fitowa daga cikinsu. Shafi na neman ya jawo kaya daga ɗaya cikinsu, sai ya tare hanya tun kayan ba su taso ba. A riƙe wannan da kyau: abin da bai sauko ba, bai ci mega ba.

Mutane da yawa na zaton idan ka buɗe labari, labarin kaɗai ke saukowa wayarka. Ina! Rubutun labarin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kayan. Kana taɓa shafin, sai ya aika kira zuwa rumbunan wasu kamfanoni da ba ka taɓa jin sunansu ba. A cikin ƙiftawar ido ake yin gwanjo a kanka: ga wani mai waya iri kaza, a ƙasa kaza, ya saba duba abu kaza, wa zai saya? Wanda ya ci gwanjon sai ya turo hotonsa ko bidiyonsa, wani lokaci bidiyon ya kama wasa da kansa ba ka taɓa shi ba. Mai shafi ya samu nasa, dillali ya samu la'adarsa, mai talla ya isar da saƙonsa. Kuɗin dakon kayan fa? Daga forfenka aka cire.

A watan Oktoban 2015 jaridar New York Times ta gwada shafukan farko na gidajen labarai 50 a kan waya. Ta gano cewa fiye da rabin datar da ke saukowa talla ce da tarkacen da mai tare talla ke tacewa. Rabin tiya ke nan, kuma Ba'amurke ne ya auna, ba ni ba. Shi da ke da intanet marar iyaka a gidansa ya ga abin ya isa a yi bincike a kansa. Ina ga mu masu sayen na dala ashirin da dala arba'in?

Wani dattijo mai kiwon awaki ya taɓa miƙo mini wayarsa ya ce: "Ɗana, duba min wagga aba, mayya ta. In na sa mata dala ɗari da sahe, kahin azahar ta lashe." Baba bai yi ƙarya ba, akwai maita a ciki. Sai dai mayun suna can wata ƙasa sanye da kwat.

Dokar mai kwamfuta daban, ta mai waya daban

Tun 2010 Chrome na kwamfuta ke karɓar ƴan ƙari. A 2012 aka fitar da Chrome na wayar Android, kuma daga wannan shekara zuwa yau, fiye da shekara goma, ba a buɗe masa wannan ƙofa ba. Kamfani ɗaya, manhaja mai suna ɗaya, amma doka biyu.

Ni sai da na je karatu jami'ar Abdou Moumouni a Yamai na fara ganin yadda shafi ke buɗewa tas a kwamfutar abokan karatu, ba bidiyon caca, ba hoton maganin ƙarfin maza. Yanzu ku ƙirga mini: daga Baleyara zuwa Abala, gida nawa ke da kwamfuta? In ka cire ofisoshin gwamnati, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da wasu malaman makaranta, saura kowa waya ce intanet ɗinsa. Tecno ce, itel ce, Infinix ce, galibi ta hannu ko wadda ɗan uwa ya aiko da ita daga bakin teku. Ma'ana, dokar da ta ce mai kwamfuta ya tace, mai waya ya haɗiye, a wajenmu ta raba mai hali da marar hali ne. Wanda ke hawa wifi na ofis kyauta an ba shi rariya, wanda ke sayen mega da kuɗin cefane an hana shi.

Me ya sa? Ku bi sawun kuɗi. A 2023 kamfanin Alphabet, uwar Google, ya samu dalar Amurka miliyar 307, kuma kusan miliyar 238 daga ciki kuɗin talla ne. Fiye da kashi uku cikin huɗu ke nan. Yawancin masu shiga intanet a duniya yau da waya suke shiga. Wanda abincinsa talla ne, kuma shi ke riƙe da ƙofar da mafi yawan masu waya ke bi, kuna jin zai miƙa musu makamin tare talla da hannunsa? An ba kura ajiyar nama, ana kuma mamakin ƙashi aka tarar.

Kada wani ya ce zato nake yi, ga abin da suka aikata a fili. Da can Chrome na waya yana da wani tsari na rage cin data, wanda ke matse shafi kafin ya iso wayarka. A watan Maris na 2022 suka cire shi, kuma cikin hujjojin da suka bayar har da cewa kuɗin data ya sauka a ƙasashe da yawa. A wace ƙasa? Wa suka tambaya a Shikal ko Bonkuku? Ko shekara ba a yi ba bayan haka, a Janairun 2023, aka wayi gari a Nijar da sabon farashin intanet da ya tada hankalin kowa, sai da jama'a suka yi ca aka janye shi. Sannan tun daga 2024 Google ya fara kashe tsohon tsarin ƴan ƙari a kwamfuta ma, ya kawo sabo mai suna Manifest V3, wanda ya sa cikakken uBlock Origin ya daina aiki a Chrome, sai wani ƙaninsa mai ƙarancin ƙarfi. Gaskiya ne tun 2018 Chrome na tare wasu tallace-tallacen da suka wuce gona da iri. Amma wa ke yanke hukuncin wanne ne ya wuce gonar? Wata ƙungiya ce ta masu harkar talla, wadda Google da kansa yake cikinta. Mai awo shi ne kuma sarkin kasuwa.

Dalilin da ya sa abin ya fi ciwo a Kurfey

Filinge na da nisan kusan kilomita 180 daga Yamai, amma duk wanda ya bi hanyar a shekarun nan ya san nisan ya wuce na kilomita. A farkon 2020 aka hana hawan babur a yankunan Tilaberi saboda matsalar tsaro. Saƙon da a da yaro zai hau moto ya kai Luma ko Tukunus, yau waya ce ke kai shi. Ɗaruruwan makarantu sun rufe a jihar nan, yara da yawa sun yi gudun hijira da iyayensu. Ɗalibin da ke shirin BEPC ko BAC, wanda ba shi da littafi, a waya yake neman darasi da tsofaffin jarabawa. Mai neman aiki a waya yake duba sanarwar gasar ɗaukar ma'aikata. Makiyayi na son sanin farashin bisashe kafin ya koro su kasuwa. Uwa na jiran labarin ɗanta da ya tafi cin rani.

Ga kuma rezo da ke zuwa yana ɗaukewa. Inda sanda ɗaya ko biyu kake samu, shafin da ya yi nauyi da talla ba ya buɗewa sam. Sai ya yi ta juyawa, mega na tafiya, batir na zuba, kai kuma ba ka karanta ko layi ɗaya ba. Batirin nan a ƙauye kuɗi ake biya a cika shi wurin mai sola. Sau biyu ke nan ka biya kuɗin tallan da ba ka nema ba.

Sannan a dubi irin tallan. Caca ce ta ƙwallo da ke cinye kuɗin samarinmu. Bashin waya ne mai ruwa. Hotuna ne da ba za ka so mahaifiyarka ta gani a hannunka ba, su faɗo maka kana tsakiyar neman fassarar hadisi. Ga shafukan ƙarya masu cewa ana rabon tallafin jikka hamsin, ka saka lambarka ka tura wa mutum goma. Mai ilimin boko zai gane tarko ne. Wanda faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba fa, ga shi cikin yunwa, ga tambarin gwamnati an manna a shafin? Jerin da uBlock Origin ke aiki da shi ya haɗa da shafukan da aka san suna yaɗa mugayen manhajoji. Ba ya kama duka, amma katanga ko gajeruwa ce ta fi fili.

Masu cewa a'a, ga amsarku

Na farko su ne masu cewa: "Kai ɗan boko, mutane na gudun hijira, hatsi ya yi tsada, kai kana zancen burawuza?" Na ji, kuma ban ce wannan ta fi tsaro ko abinci ba. Amma dala ɗarin da ta tafi a tallan caca, daga kuɗin hatsin ta fita. Kuma mutumin da ke gudun hijira ya fi kowa bukatar wayarsa ta buɗe da sauri ta gaya masa gaskiya. Ƙaramar ɓaraka ce ke zubar da ruwan tulu, musamman tulun da dama bai cika ba.

Na biyu su ne masu kare kamfanin da hujjar tsaro: wai ƴan ƙari na iya zama hanyar sata, wayoyi kuma ƙanana ne ba za su ɗauka ba. Akwai gaskiya a rabin farko. An sha kama ƴan ƙari na ƙarya masu satar bayanai, shi ya sa ban ce kowa ya saka duk abin da ya gani ba. Amma an sha kama mugayen manhajoji a Play Store ma, ba a kuwa rufe shi ba, tantancewa aka ƙara. Batun cewa waya ba za ta ɗauka ba kuwa, an riga an ƙaryata shi a aikace. Apple ya yarda da masu tare talla a Safari na iPhone tun 2015, ya buɗe ƙofar ƴan ƙari a 2021. Burawuzar Samsung na karɓar masu tare talla tun 2016. Wata ƙaramar burawuza mai suna Kiwi, wadda aka gina a kan ginshiƙi ɗaya da Chrome, ta fara karɓar ƴan ƙarin Chrome a waya tun 2019, har zuwa farkon 2025 da mai ita ya ajiye aikin. Firefox na Android ya taƙaita nasa zuwa ƴan kaɗan a 2020, mutane suka yi ta ƙorafi, a watan Disamban 2023 ya buɗe fiye da 450. Abin da ƙaramin kamfani ya iya, shi ne zai gagari mai miliyar 307? Ƙin yi ne. In ma don nauyi ne, tare talla sauƙaƙa wa ƙaramar waya aiki yake yi.

Na uku, kuma wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa: ƴan jarida da masu shafuka da talla suke ci. In kowa ya tare, wa zai biya su? Ina da abokai a aikin jarida, na san halin da suke ciki. To amma ɗan ƙari ba ya tilasta maka tare kowa. Da taɓawa ɗaya za ka ce wannan shafi na yarda da shi, a bar tallansa ya wuce. Jaridar da ke kawo mini labarin ƙasata da gaskiya, da hannuna zan buɗe mata. Wanda ya cika shafinsa da bidiyo biyar don ya ba ni labari mai layi huɗu da ya kwafo daga wani wuri, ba shi da haƙƙi a kan megata. Sadaka da yardar mai bayarwa ake yin ta. Wadda aka zaro daga aljihu ba a sani ba, sunanta daban.

Na huɗu za su ce yawancin megar mutanenmu a WhatsApp, Facebook da TikTok take ƙarewa, ɗan ƙari kuma ba ya shiga can. Haka ne. Ɗan ƙari a cikin burawuza kawai yake aiki. Amma ku lura da abin da wannan ke nunawa: a cikin waɗancan manhajoji ba ka da ta cewa ko kaɗan, abin da aka zuba maka shi za ka sha. Burawuza ce kaɗai wurin da ya rage inda mai waya zai iya cewa wannan ya shigo, wannan ya tsaya a waje. In aka rufe nan ma, shi ke nan an gama da mu. Kuma a nan ne darasi yake, da sanarwar aiki, da sakamakon jarabawa, da dogon labarin da ya wuce jita-jitar guruf.

Na biyar su ne masu cewa: "To ai ba wanda ya hana ka sauko da Firefox." Gaskiya ne, kuma zan zo kan haka. Amma mutum nawa ne suka san akwai shi? Waya na zuwa da Chrome a shafin farko, a yawancin wayoyi ma ba ya goguwa, sai dai a dakatar da shi. Abin da mutum ya tarar a waya shi yake ɗauka shi ne intanet. Google ya fi kowa sanin ƙarfin wannan: a shari'ar da aka yi da shi a Amurka an bayyana cewa a 2021 kaɗai ya biya dalar Amurka miliyar 26.3 don injin bincikensa ya zama shi ne na farko a wayoyi da burawuzoji. Ba a zuba irin wannan kuɗi a kan abin da ba shi da tasiri. A watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa doka ba.

Wasu sun tsaya wa mutanensu, mu fa?

A watan Yulin 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro miliyar 4.34, cikin laifuffukan har da tilasta wa masu ƙera waya su saka Chrome in suna son Play Store. In ka juya kuɗin zuwa sefa ya haura miliyar 2,800, wato ya kusa kasafin kuɗin ƙasarmu na shekara guda. Tun Maris na 2024, dokar Turai ta sa ana nuna wa mai sabuwar waya jerin burawuzoji ya zaɓa da kansa. Indiya ma ta ci kamfanin tara a 2022 kan yadda yake juya Android. Bature a Faransa ana tambayarsa wacce yake so. Bakurfaye a Damana an zaɓa masa, ba a ma gaya masa an yi zaɓe ba.

Na san Nijar ita kaɗai ba ta da nauyin da za ta murɗe hannun irin wannan kamfani. Amma muna da ARCEP mai kula da harkar sadarwa, muna da HAPDP mai kare bayanan mutane, muna da ANSI da shirinta na ƙauyuka masu wayo, wanda Bankin Duniya ya amince ya zuba wa dalar Amurka miliyan 100 a 2020. Muna kuma cikin ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso, kullum ana zancen ƴancin kai har a fannin fasaha. To ga wurin gwada shi. Kafa eriya a ƙauye aiki ne mai kyau, amma in rabin abin da ke bi ta cikinta ƙaiƙayi ne, wa aka kafa wa ita?

A nan dole in ja layi, don kada a ɗauki maganata a yi wani abu da ita. Faifan da nake nema, a hannun mai waya nake son sa. Ban nemi wata hukuma ta zauna a Yamai ta tace mini abin da zan karanta ba. Mun ga yadda aka yanke intanet na waya kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021. Mun ga an dakatar da RFI da France 24 a 2023, an dakatar da BBC a ƙarshen 2024. Ko me mutum ke gani game da waɗannan gidaje, darasin ɗaya ne: duk wanda ya riƙe maka rariya, kamfani ne ko gwamnati, abin da ya ga dama zai bari ya wuce. Shi ya sa ma burawuzoji irin su Opera Mini da Brave, masu zuwa da nasu mai tare talla a ciki, duk da suna taimakawa, ba su kai ɗan ƙarin da kai ka zaɓa ka kuma iya cirewa ba.

Abin da muke nema, da abin da za mu yi da hannunmu

Ga hukumominmu, abu uku. Su haɗa kai da takwarorinsu na AES da sauran ƙasashen Afirka su nemi a ba mai waya a nan zaɓin burawuza kamar yadda ake ba na Turai. Su sa shafukan gwamnati, musamman na jarabawa da na ɗaukar aiki, su zama marasa nauyi, masu buɗewa ko da sanda ɗaya ta rezo. Sannan duk wani horo da ake yi wa jama'a kan amfani da waya, a saka wannan darasi a ciki, da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, a rediyon gari inda mutane ke saurare. Tun Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a rubuce. A nuna mana haka a aikace.

Ga masu gyaran waya da masu tura waƙoƙi da wa'azi a bakin tasha: ku ne malaman fasaha na ƙasar nan, ko an ba ku takarda ko ba a ba ku ba. Duk wayar da ta biyo ta hannunku, ku tambayi mai ita ko yana so, ku bayyana masa, in ya yarda ku saka masa.

Ga ɗalibai da duk mai karanta wannan, ga yadda ake yi a Android. Ka shiga Play Store ka sauko da Firefox, wanda sunan Mozilla ke ƙarƙashinsa. Yana da ɗan nauyi, don haka ka jira sai ka samu wifi ko forfen dare. Ka buɗe shi, ka taɓa ɗigo ukun nan na gefe, ka shiga wurin ƴan ƙari, ka nemi uBlock Origin, ka tabbata sunan Raymond Hill na jikinsa, ka taɓa alamar ƙari. Shi ke nan. In kana son ƙarin tsimi, a cikin saitinsa akwai inda za ka hana manyan hotuna da bidiyo saukowa sai ka taɓa su da kanka. Wani shafin zai ƙi aiki daidai. Sai ka kashe ɗan ƙarin a wannan shafi kaɗai. Kada ka tara ƴan ƙari barkatai, ɗaya ko biyu sun isa. Kada kuma ka karɓi manhajar da aka turo maka a guruf ba ka san asalinta ba. Ga masu iPhone, Firefox ɗinku ba ya ɗaukar wannan, ta Safari za ku bi.

Ban ce Mozilla waliyyai ne ba. Mafi yawan kuɗinsu ma daga Google yake fitowa, kuma gobe suna iya canza hali. Shi ya sa ƴancin muke nema a matsayin haƙƙi, kada ya tsaya a kan alherin wani kamfani.

Kada ku yarda da ni haka kawai. A cikin saitin kowace waya akwai wurin da ke nuna mega nawa kowace manhaja ta ci. Ku buɗe shafuka biyar da kuka saba a burawuzar da kuka saba, ku rubuta lissafin. Ku buɗe su kuma da faifai a hannu, ku rubuta. Ku kawo mana sakamakon a ƙarƙashin wannan rubutu, da sunan garinku da irin wayarku, daga Filinge, Sanam, Tondikandiya, Imanan, duk inda kuke. In muka tara, da shi za mu rubuta wa ARCEP takarda, da alƙalummanmu na kanmu, don kada a ce mana binciken Amurka ne bai shafe mu ba.

Wanda ya iya, ya koya wa mutum biyar a makon nan, ya fara da iyayensa. Ku tura wannan rubutu ga wanda ya dace, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Kurfey da Nijar baki ɗaya, ya mai da ƴan gudun hijira gidajensu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.